Rober Udan, Mai Gyaran Agogon da ya Zama Sarkin Dabo

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa tsayawa kallon mai dabo ranar kasuwa? Ya ɗauki karta guda, ya yayyage ta gaban idonka. Ya hura mata iska, sai ga ta ta koma lafiya lau, kamar ba a taɓa ta ba. Wasu su ce aljannu gare shi. Wasu su ce asiri ne ya gada wajen kakanninshi. Wasu kuma su ja da baya don tsoro.

Yau za mu karanta labarin wani mutum da ya san wannan aiki ciki da bai. Bafaranshe ne. Sunanshi Rober Udan. Da Faransanci ana rubuta shi haka: Robert-Houdin. Ya bar duniya yau fiye da shekara 150, amma har yanzu masu dabo suna kiranshi uban dabon zamani. Rayuwarshi tana nuna mana abu guda. Dabo aiki ne na hannu da na ƙwaƙwalwa, koyon shi ake yi kamar ɗinki ko ƙira. Wanda ya iya shi yana iya faranta ma mutane rai da shi, yana kuma iya tsorata su. Rober Udan ya yi duka biyun.

Ƙuruciyarshi

An haife shi cikin watan Disamba na shekara ta 1805, a garin Buluwa, bakin wani gulbi da ake kira Luwar. Sunan da anka raɗa mishi Jan-Ejen, sunan gidansu kuwa Rober. Babanshi mai gyaran agogo ne. Uwarshi ta mutu tun yana ƙarami ƙwarai.

Yaron ya tashi cikin shagon babanshi, tsakanin ƴan ƙananan ƙusoshi da ƙarafuna. Ba abin da yake so kamar ya kwance abu ya ga cikinshi, sannan ya sake ɗaure shi. Amma uban ba ya son ɗan nashi ya gaje shi. Shi so yake yaron ya yi karatu mai zurfi ya zama ma'aikacin shari'a. Da ya kai shekara 11 anka kai shi lakol a garin Orleyan. Ya komo gida yana da shekara 18.

Rubutunshi yana da kyau, don haka ya samu aiki a wani biro inda ake rubuta takardun gado da na ciniki. Sai dai zuciyarshi ba ta wurin. Da ya samu ɗan sarari, sai ya aje alƙalami ya shiga ƙera ƴan na'urori. Mai biron ya duba ya ga ba a nan rabon yaron yake ba. A ƙarshe uban ya haƙura. Anka kai shi wajen wani ɗan'uwansu mai gyaran agogo, ya fara koyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Littafin da anka ba shi bisa kuskure

Ga yadda ya shiga dabo, kamar yadda shi da kanshi ya ba da labari. Wata rana ya tafi wajen mai saida littattafai don ya sayi littafin koyon agogo. Mai shagon yana cikin hidima, ya ɗauko littafi biyu ya ƙunshe ya miƙa mishi. Sai da ya isa gida ya buɗe, ya tarar ba na agogo ba ne. Littattafai ne masu bayanin wasannin ban mamaki: yadda ake ɓatar da kuɗi a hannu, yadda ake gane kartar da mutum ya zaɓa, da sauransu.

Bai maida su ba. Ya zauna ya yi ta karatu dare da rana. Ka lura da kyau, ɗan'uwa: ba daji ya shiga ba, ba kuma wani ya ba shi laya ba. Karatu ne ya buɗe mishi ƙofar.

Amma littafi yana gaya maka abin da za ka yi ne kawai, ba ya ba ka hannu. A garin nasu akwai wani mai maganin ciwon ƙafa da ya iya wasa da ƙwallaye. Jan-Ejen ya biya shi, ya koya mishi. Ya yi ta gwadawa har ya kai yana jefa ƙwallo 4 sama yana cafewa, alhali idonshi yana kan littafi yana karatu. Ya kuma sa riga mai manyan aljihu. In yana tafiya kan hanya, hannuwanshi suna cikin aljihu suna juya karta da tsabar kuɗi. Mutane suna zaton sanyi yake ji. Shi kuwa yatsunshi yake horarwa. Haka ya yi shekara da shekaru, kafin ya yarda ya tsaya gaban jama'a.

Aure da zaman Pari

Cikin shekara ta 1830 ya auri wata yarinya mai suna Sesil Udan. Babanta babban mai ƙera agogo ne a birnin Pari, kuma shi ma asalinshi ɗan Buluwa ne. Jan-Ejen ya haɗa sunan gidansu da na gidan matarshi. Daga nan ya zama Rober Udan. Ya koma Pari, yana aiki tare da surukinshi.

Ya ƙera abubuwa da yawa. Akwai agogon da ke tada mai barci, ya kuma kunna mishi wuta nan take. Akwai wani agogon da fuskarshi gilashi ce zalla. Kana ganin hannun agogon yana tafiya, amma ba ka ganin abin da ke tura shi. Sannan ya ƙera wani mutum-mutumi zaune kan kujera, mai rubutu da zane da alƙalami. An nuna shi a babban bajekolin Pari na 1844, har sarkin Faransa na lokacin, Luwi-Filip, ya tsaya ya kalle shi.

Kada ka zaci duk daɗi ya sha. Ya yi fama da rashin kuɗi. Cikin ɗiya 8 da matarshi ta haifa, 3 ne kaɗai sunka rayu. Ita ma ta mutu cikin 1843, ta bar shi da ƙananan yara. Daga baya ya sake aure.

Gidan wasa

Yana gab da shekara 40 ya cika burinshi. Wani mai kuɗi da yake yi ma gyaran agogo ya ba shi faran 15.000 na kuɗin wancan zamani. Ya kama wani ɗaki a tsakiyar Pari, ya gyara shi, ya sa kujeru wajen 200. Ran 3 ga watan Yuli 1845 ya buɗe. Daren farko bai yi armashi ba. Tsoron jama'a ya kama shi, ya yi ta magana da sauri, har ya yi tunanin rufe wurin. Amma ya daure ya ci gaba.

A wancan lokaci masu dabo da yawa a kasuwa da bakin titi suke wasa. Wasu sukan sa doguwar riga mai zane-zane da hula mai tsini, don a ɗauke su matsafa. Rober Udan ya bar wannan duka. Baƙar kwat ya sa, irin wadda kowane mai mutunci ke sawa in za shi biki. Teburinshi ba lulluɓe yake har ƙasa ba. Yana magana da mutane cikin ladabi da raha. Kowa ya shigo ya san wasa ya zo kallo, ya biya kuɗinshi don a ba shi mamaki.

Ga kaɗan daga cikin wasanninshi. Yakan ari ƙyallen aljihu wajen wata mata, ya ɓatar da shi. Sai a kawo wani ɗan iccen lemu cikin tukunya. Iccen ya yi fure, ya yi ɗiya, a tsinka a raba ma mutane. Lemu na ƙarshe ya tsage, sai ga ƙyallen a ciki. Iccen nan na'ura ce irin ta agogo, shi ya ƙera ta da hannunshi.

Cikin 1846 ya fito da wani wasan tare da ɗanshi Emil. A ɗaure ma yaron ido. Uban ya shiga cikin jama'a, ya karɓi zobe ko kuɗi ko mabuɗi, yaron ya faɗi ko mene ne. Asirin yana cikin kalmomin da uban ke tambaya da su. Kowace kalma da ma'anarta, su biyu kaɗai sunka sani. Sun kuma horar da idonsu. Sukan wuce gaban kanti su yi kallo ɗaya, sannan kowa ya rubuta abin da ya gani.

Cikin 1847 kuma ya kwantar da ƙaramin ɗanshi cikin iska, gwiwar hannunshi kawai ke bisa sanda. Ƙarfe ne ɓoye cikin rigar yaron ke riƙe da shi. Sunan Rober Udan ya watsu. Da juyin mulki ya tashi a Pari cikin 1848, ya ƙetare zuwa Ingila, har ya yi wasa gaban sarauniya Biktoriya.

Yadda yagaggiyar karta ke komawa

Duk da waɗannan na'urori, karta ita ce tushen aikin mai dabo, don a nan ake gane mai hannu. To, bari mu koma ga kartar da anka yage. Wasa ne tsoho, ana yin irinshi tun kafin a haifi Rober Udan. Hanyoyinshi suna da yawa. Ga ɗaya daga cikin tsofaffin. Karanta a hankali.

Mai dabo yana da karta biyu iri ɗaya. Mu ce bakwai ce mai jan zane. Tun a gida ya yage kusurwar ta farko, ya ɓoye guntun a jikinshi. Ita kuma kartar ya sa ta cikin ambulan ko cikin wani ɗan akwati. Ta biyu ya bar ta cikin ƙunshin karta.

Da ya zo gabanka, sai ya baza ƙunshin ya ce ka zaɓi guda. Kai kana ganin son ranka ka zaɓa. Amma yana tura kartocin ne da babban yatsa, yana lura da hannunka. Daidai lokacin da yatsunka sunka iso, bakwai ɗin nan ce ke wurin. Wannan shi ake kira tilasta karta. Rober Udan ya yi bayanin shi dalla-dalla cikin littafin da ya rubuta don masu koyo, a 1868.

Sai ya yayyage kartar da ka zaɓa, ya ce ka riƙe guntu ɗaya don shaida. Nan ne aikin yake. Guntun da ya ba ka ba na wannan karta ba ne, wancan ne da ya yago tun a gida. Sauran guntayen ya ƙone su, ko ya ɓatar da su. Ya buɗe ambulan, sai ga bakwai mai jan zane, lafiyayya, kusurwa ɗaya ce kawai babu. Ka ɗora guntun hannunka, ya zauna daram. Me zai hana shi zama? Ai daga jikinta anka yago shi.

Ka gani? Kartar da anka yage ba ta koma ba, kuma ba za ta taɓa komawa ba. Guntun da ka riƙe don kada a cuce ka, shi ne ya rufe maka ido. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, wajen mai dabo, ganin ma sai an yi hattara da shi.

Masu dabo na baya sun ƙaro wasu hanyoyin. Wani yakan ce ka sa hannu bisa kartar tukuna. Wani yakan haɗa guntayen ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunshi. Kowace hanya da ɓoyayyen abinta. Shi ya sa mai dabo ba ya ɗaukar wasa haka kawai, sai ya yi ma kanshi tambayoyi. Mutane kusa suke ko nesa? Gabana kawai suke, ko sun kewaye ni? In na gama, ina iya ba su kartar su dudduba? Hannuna ya nuna ga wannan hanya, ko da saura? Mai hankali yana zaɓen wadda ya iya sosai, ko da mai sauƙi ce.

Cikin littafin nan na 1868 akwai gargaɗi biyu da masu dabo ke riƙe da su har yau. Na farko, kada ka gaya ma mutane abin da zai faru kafin ya faru. Na biyu, kada ka maimaita wasa ɗaya gaban mutane ɗaya a zama ɗaya. Dalilin a fili yake. Wanda ya san abin da ke zuwa, ya san inda zai sa ido.

Alƙali da kartocin macuci

Hannun da ke ba mutane dariya, shi ne kuma ke kwashe kuɗin mutane a wurin caca. Rober Udan ya san haka, kuma abin yana damun shi. Ya ba da labari cewa cikin 1849 wani alƙali na Pari ya kira shi. An kama wani ɗan caca da ƙunshin karta 150. Ana zargin yana cuta da su, amma ba wanda ya ga alamar kome. Bayan kartocin fari ne fat.

Ya yi wajen sati biyu yana duba su da gilashin ƙara girma, bai ga kome ba. Ranar da ya gaji, ya watsa su bisa tebur ya koma gefe ya zauna. Daga nesa sai ya hangi wani ɗan tabo marar ƙyalli a bayan wata. Da ya matso, tabon ya ɓace. Da ya ja baya, ya sake fitowa. Kowace karta da inda anka yi mata nata tabon. Wurin da tabon yake shi ke gaya ma macucin ko wace karta ce.

Cikin 1861 ya fito da littafi guda sukutum kan dabarun ƴan caca masu cuta. Ya tona yadda suke sa alama, da yadda suke jera karta, da yadda abokansu ke yi musu ishara. Nufinshi mutane su karanta su daina faɗawa hannunsu.

Tafiya Aljeriya

Yanzu mun zo wurin da labarin ke da nauyi. Ka san Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. Sojin Faransa sun shiga ƙasar cikin 1830. Mutanen ƙasar ba su yarda ba. Amir Abdulƙadir ya yaƙe su shekaru da yawa, har zuwa 1847. Bayan shi ma ƙasar ba ta kwanta ba. Shehunai da malamai suna da ƙima wajen jama'a, wasunsu kuma suna kiran mutane su tashi. Akwai waɗanda ake cewa harsashi ba ya kama su.

Lokacin nan Rober Udan ya riga ya bar gidan wasa, ya koma kusa da Buluwa yana hutawa. Sai hukumar sojin Faransa ta aika mishi. So suke ya zo ya nuna ma shugabannin Larabawa cewa abin al'ajabin Faransa ya fi nasu. Ya yarda, ya tafi cikin 1856. Galibin abin da anka sani na wannan tafiya daga bakinshi ya fito, cikin littafin tarihin rayuwarshi na 1858.

Ran 28 ga watan Oktoba anka tara shugabannin kabilu a gidan wasa na birnin Alje. Ya aje wani ɗan akwati a ƙasa, ya kira wani ƙaƙƙarfa. Mutumin ya ɗaga akwatin ba wahala. Sai Rober Udan ya ce mishi ya ɗauke mishi ƙarfi. Mutumin ya sake kamawa, ya ja, ya yi gumi, akwati ko motsi. Ga asirin: gindin akwatin ƙarfe ne, ƙarƙashin daɓen kuma akwai mayen ƙarfe mai aiki da wutar lantarki. In an sa wuta ya riƙe, in an cire ya saki. Daga ƙarshe anka sako wutar cikin mariƙin akwatin, ta fizgi mutumin. Ya yi ihu ya fita da gudu. Bayan wasa, tafintoci sun gaya ma shugabannin cewa duk hikima ce da ilimi, ba sihiri ba.

Daga nan ya shiga cikin ƙasa, ya sauka gidan wani basarake. Can wani malami ya ƙalubalance shi. Ya kawo ƙananan bindigogi biyu, ya ce in da gaske ne a bar shi ya harbe shi. Rober Udan ya nemi a bari sai da safe, wai zai kwana yana addu'a. Ba addu'ar da ya yi. Kakin zuma ya narka, ya gauraya da baƙin hayaƙin fitila, ya yi harsashi biyu masu rami a ciki. Ɗaya ya cika shi da jinin yatsanshi.

Da safe, gaban jama'a, malamin ya zaɓi harsashin dalma na gaske. Wajen ɗurawa Rober Udan ya musanya shi da na kaki. Daidai da yadda ake musanya guntun karta. Malamin ya harba, kakin ya watse cikin iska. Rober Udan ya buɗe baki, ga harsashin gaske tsakanin haƙoranshi. Ya ɗauki bindiga ta biyu ya harbi farin bango, sai ga jini yana gangarowa.

Ɗan'uwa, tsaya ka auna. A Pari mutane sun biya kuɗi, sun san wasa ne, sun koma gida suna dariya. Mutumin da wuta ta fizga bai biya kome ba, ba a kuma gaya mishi wasa ne ba kafin ya kama akwatin. Malamin nan ma ƙarya anka yi mishi da sunan addu'a. Dabarar ɗaya ce, amma a nan an yi ta ne don mutanen da anka ci ƙasarsu su ji tsoro. Wanda ya tona asirin macuta a Pari, shi ne ya ara ma masu bindiga hannunshi a Alje.

Shin abin ya yi aiki? Shugabannin sun ba shi takardar yabo da rubutun Larabci mai kyau. Amma shekara ɗaya bayan haka, cikin 1857, anka gwabza yaƙi a duwatsun Kabili. Cikin masu jagorancin mutanen wurin har da wata mata, Lalla Fatima Nsumer, wadda anka kama a wannan shekara. Cikin 1871 wani babban bore ya sake tashi. Aljeriya ta samu ƴancinta a 1962. Rufa-ido yana iya ba mutum mamaki dare ɗaya, amma ba ya sa shi ya manta da ƙasarshi.

Ƙarshen rayuwarshi

Ya komo gidanshi a ƙauyen San-Jerbe, kusa da Buluwa. Ya cika gidan da na'urorin lantarki, a lokacin da mutane da yawa ba su san ta ba. In baƙo ya taɓa ƙofa, ƙararrawa ta kaɗa can cikin gida. Agogo ne ke zuba ma doki abinci in lokaci ya yi. Ya kuma ƙera kayan aiki na duba ido. Sauran lokacinshi ya ba rubutu.

Cikin 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa. Ɗanshi Ejen, wanda ya zama kaftin na soji, ya samu rauni a fagen fama, ya mutu cikin watan Agusta. Wannan rashi ya karya tsohon. Ciwon huhu ya kama shi, ya mutu ran 13 ga watan Yuni 1871, yana da shekara 65.

Sunanshi bai ɓace ba. Wani yaro a Amurka ya karanta tarihinshi, ya ƙaunace shi, har ya ari sunanshi ya ƙara harafi ɗaya. Shi ne Hudini, wanda ya shahara wajen kuɓucewa daga sarƙa da ankwa. Shi ma da karta ya fara. Gidan wasan Rober Udan kuwa, wani mai suna Jorj Meliyes ya saye shi cikin 1888, ya zama ɗaya daga cikin mutanen farko da sunka yi silima. A Buluwa, tun 1998, akwai wani gida da anka buɗe don tunawa da shi, inda ake aje kayan dabo.

In ka haɗu da mai dabo yana wasanshi a fili, ka kalla, ka yi dariya, ka ba shi abin da ya sauƙaƙa. Ya sha wahala kafin hannunshi ya kai haka. Amma in wani ya jawo ka gefe, ya nuna maka abin mamaki, sannan ya ce ka kawo jika goma ya maida maka ita jika ɗari, ka tuna da karta biyu iri ɗaya. Ka riƙe kuɗinka, ka tambayi kanka: ina ya ɓoye ta biyun?

Tambayoyi

1. Wace sana'a Rober Udan ya fara koyo, kuma a wane gari?
2. Me ya sa guntun da ke hannun mai kallo yake zama daidai bisa kartar?
3. Yaya ya gano tabon da ke bayan kartocin ɗan caca?
4. Me ya bambanta wasan da ya yi a Pari da wanda ya yi a Aljeriya?
5. Rubuta layi uku kan wata dabarar cuta da ka taɓa ji ko gani, da yadda mutum zai kare kanshi.